Taswirar wayoyin ƙwaƙwalwar ɓera: yadda aka yi ta da yadda ɗalibi zai yi aiki da ita

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibin sashen anatomi ne a Gombe, ina aji huɗu. Na ji an ce masana a Amurka sun zana taswirar yadda jijiyoyi suke haɗuwa a sashen gani na ƙwaƙwalwar ɓera, har sun ƙirga mahaɗa, wato wuraren da ƙwayar jijiya ke miƙa wa wata saƙo, sama da miliyan 500. Mu kullum muna yanka ƙwaƙwalwar ɓera a ɗakin gwaji, mu rina mu duba, amma ban taɓa ganin mahaɗa ko ɗaya ba. Ta yaya suka yi? Kuma mutum irina zai iya yin aikin kammala digiri a kan wannan?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya ba da sa'ar karatu. Rashin ganin mahaɗa a madubinku ba laifin idonka ba ne, ba kuma laifin hannun mai yanka ba ne. Madubin ɗakin gwajinku da haske yake aiki, haske kuwa yana da iyakar da Ernst Abbe ya lissafa tun 1873: abu biyu da tazararsu ta gaza kimanin nanomita 200 (nanomita kashi ɗaya ce cikin miliyan na milimita) za su narke su zama ɗigo ɗaya, ko da ka ɗiga mai ka juyo da gilashin ×100. To ratar da ke tsakiyar mahaɗa nanomita 20 ce kacal. 'Yan jakunkunan da ke ɗauke da sinadarin saƙo a bakin akzon, wato wayar da ke fitar da saƙo daga ƙwayar jijiya, kowace wajen nanomita 40. Siraran akzon da yawa kaurinsu bai wuce nanomita 100 zuwa 200 ba. Shi kuwa fallen da kuke yankawa daga kakin farafin maikiron 5 ne, wato nanomita 5,000, wayoyi ne birjik kwance a kan juna a cikinsa. Sannan alkohol da zailin da kuke bi da naman ta ciki sun riga sun wanke kitsen fatar ƙwayoyin, alhali wannan fatar ce iyakar da ke raba wata waya da wata. Rinin H&E da kuka saba yi zai nuna maka jikin ƙwaya da cibiyarta, nan ya tsaya.

Aikin da ka ji labari sunansa MICrONS. Hukumar IARPA ta gwamnatin Amurka ce ta ɗauki nauyinsa daga 2016, aka fitar da sakamakon a mujallar Nature ranar 9 ga Afrilun 2025, da hannun masana sama da 150. Naman da aka yi wa taswirar kimanin milimita ɗaya ne a tsawo, ɗaya a faɗi, ɗaya a zurfi. Ka ɗauki rula ka dubi tazarar ƙaramin layi da na kusa da shi, iyakarsa ke nan. A ciki aka samu ƙwayoyi sama da 200,000, mahaɗa miliyan 523, da akzon da in aka miƙe su za su kai kilomita 4. A 1979 Francis Crick, ɗaya daga masanan da suka gano fasalin DNA, ya rubuta cewa neman cikakkiyar taswirar wayoyin milimita ɗaya irin wannan, tare da sanin yadda kowace ƙwaya ke aiki, neman abin da ba zai yiwu ba ne. Lokacin yana da hujja, domin taswirar tsutsar C. elegans mai niyuron (ƙwayoyin jijiya) 302 kawai sai 1986 aka kammala ta, bayan an shafe sama da shekara goma ana bin hotuna da hannu.

Abin da ya ba wannan aiki daraja shi ne, ɓera ɗaya aka yi wa abu biyu. An fara kallon ƙwayoyinsa suna aiki yana raye, daga baya aka bi wayoyin waɗannan ƙwayoyin da kansu.

Kallon aikin a Kwalejin Likitanci ta Baylor da ke Houston aka yi shi, a ɗakin gwajin Andreas Tolias. An zaɓi sashen gani ne saboda a nan mai bincike yake da iko da abin da ke shiga ƙwaƙwalwa, abin da ya sa a allo shi ido zai gani. Tun 1959 David Hubel da Torsten Wiesel suka nuna a kyanwa cewa ƙwayoyin wannan sashe suna da zaɓi: wata ba ta motsi sai ta ga layi a tsaye, wata sai a kwance, wata sai layin ya gifta ta wani ɓangare. Ɓeran da aka yi amfani da shi an sauya masa ƙwayoyin gado, yadda niyuron masu zugawa, wato masu sa wasu niyuron su harba saƙo, suke ƙera wani furotin mai suna GCaMP6s. Duk sanda niyuron ta harba saƙo kalsiyam yana kwarara cikinta, furotin ɗin ya kama shi ya yi haske kore. Aka yi wa ɓeran maganin barci, aka cire ɗan ƙashin kansa aka sa gilashi a gurbin. Bayan ya warke aka riƙa kafe kansa ƙarƙashin madubin leza, yana farke, yana taka gudu a kan abin da ke juyawa ƙarƙashin ƙafafunsa, allo a gabansa ana nuna masa guntayen fina-finai da bidiyon wasanni da zanen da kwamfuta ta ƙirƙira. Da haka aka naɗi aikin niyuron kimanin 75,000, a sashen gani na farko da wasu sassa uku da ke maƙwabtaka da shi.

Wannan naɗi yana da rauni biyu da ya kamata ka riƙe. Saƙon niyuron cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa yake wucewa, hasken kalsiyam kuwa yakan ɗauki daƙiƙa guda ko fiye kafin ya dushe, ga shi kuma sau shida kawai ake ɗaukar hoton kowace ƙwaya a daƙiƙa. Don haka ana sanin ƙwaya ta yi aiki sosai ko kaɗan, ba a ƙirga saƙonnin ɗaya bayan ɗaya. Na biyu, niyuron masu hanawa, wato masu danne wasu kada su harba saƙo, ba su da furotin ɗin a wannan ɓera. Wayoyinsu suna cikin taswirar, amma ba a naɗi abin da suke yi ba.

Daga nan aka kai ɓeran Cibiyar Allen da ke Seattle, wurin su Clay Reid da Nuno da Costa. A nan nake so ka fi kasa kunne, domin wannan matakin ne ya yi kama da abin da kuke yi, kuma a nan ake tafka asarar da ba ta gyaruwa. Ba a cire ƙwaƙwalwa a jefa cikin kwalbar fomalin. Ana sa dabbar cikin barci mai zurfi, a buɗe ƙirji, a soka allura a ƙasan zuciya ta hagu, a tsaga saman zuciya ta dama don ruwa ya samu mafita, a fara wanke jinin, sannan a tura ruwan sandarar da nama ta cikin jijiyoyin jinin da kansu. Ta haka sinadarin yake isa kowane lungu cikin 'yan mintuna. Iri biyu ake haɗawa: farafomaldehaid, wanda ƙarami ne mai saurin kutsawa amma riƙonsa ba ƙarfi, da gulutaraldehaid mai jinkirin shiga amma yana ɗaure furotin da furotin tamau. Fomalin kashi 10 na kasuwa yawanci da metanol a cikinsa, yana ɓata fatar ƙwaya, bai dace da wannan aiki ba.

Abin da ke lalacewa a nan sananne ne. In aka yi jinkirin 'yan mintuna tsakanin yankewar iska da isowar sinadarin, maitokondiriya, masu samar wa ƙwaya ƙarfi, za su kumbura, ƙafafun astirosait, ƙwayoyin da ke tallafa wa niyuron, su cika da ruwa, hoton ya fito da fararen ramuka. In aka tura ruwan da ƙarfi fiye da kima, sai a ga fili ya buɗe kewaye da ƙananan jijiyoyin jini. In kumfar iska ta shiga tiyo, za ta toshe wani reshe, ɓangaren da yake shayarwa ya zauna ɗanye. Alamar an yi daidai ita ce hanta ta koɗe, jiki ya sandare, ƙwaƙwalwar ta fito fara mai tauri ba jan zare ko ɗaya a samanta. Wannan ɗin ko a ɗakin gwajinku zai gyara muku falle ƙwarai.

Sai rini. Madubin ilektron ba ya ganin launi, nauyin ƙarfe kawai yake gani. Don haka ake shayar da naman da osmiyom, wanda ke manne wa kitsen fatar ƙwaya ya mai da ita baƙin layi. Zagaye ɗaya ba ya isa, sai a bi shi da wani sinadari mai suna tayokabohaidirazaid da ke zama gada, a sake zuba osmiyom ya hau kan na farko, sannan yuraniyom da dalma. Matsalar ita ce osmiyom a hankali yake kutsawa. A dunƙule mai kaurin milimita, gefe yakan yi baƙi ƙirin tsakiya ta zauna fari fat, in kuma aka matsa masa naman ya yi gautsi ya tsage. Kowane zagaye yana cin sa'o'i ko kwanaki. Tururin osmiyom kuma yana sandarar da fatar idon mutum kamar yadda yake yi wa naman gwaji, ba a buɗe shi sai cikin akwatin da ke zuƙe iska. Bayan rini a janye ruwan naman, a dasa shi cikin ƙaron ifoksi, a gasa a zafin wajen digiri 60 har ya yi tauri.

Yankan da wuƙar daimon ake yi. A bayan bakin wuƙar akwai ɗan kwale-kwale cike da ruwa, duk fallen da ya fita sai ya yi iyo a kai, wani dogon tef mai tagogi ya ɗauke shi, falle ɗaya a kan taga ɗaya. Kaurin kowane falle nanomita 40, wato cikin fallenku ɗaya na farafin za a fitar da irinsa 125. Mai yanka yana gane kauri daga launin da fallen ke yi a kan ruwa: ruwan zinare ya yi kauri, ruwan azurfa ya kusa, na nanomita 40 toka-toka yake, da ƙyar ake ganinsa. An yanka falle kusan 28,000, kwana 12 dare da rana ba tsayawa, ma'aikata suna karɓa-karɓa. Dalilin rashin tsayawar shi ne, da zarar injin ya huta zafin ƙarfensa ya sauya, dunƙulen ya matsa da 'yan nanomita, fallen da zai biyo baya ya fito da kauri ko ya fito rabi. Girgizar bene, sauyin sanyin ɗaki, ƙwayar ƙura ɗaya a bakin wuƙa, kowanne yana barin tabo. Ka auna wannan da ƙurar hunturu da ɗaukewar wuta irin tamu, za ka ga ba sayen injin ne babbar wahalar ba, ɗakin da zai zauna ne.

Me ya sa ake tsoron rasa falle haka? Lissafi ne. In falle ɗaya ya ɓata, giɓin nanomita 40 ne, ana iya tsallakawa. In uku suka ɓata a jere, giɓin ya zama 120, ya fi kaurin siririn akzon. Waya ta shiga giɓin ta wannan gefe, goma sun fito ta ɗaya gefen, ba mai iya rantsuwa wacce ce ita. Ga kuma naɗewa, inda fallen ya ninke ya ɓoye wani yanki, da tsagewa, da zanen da wuƙa mai tabo ke ja. A wannan aikin ma sai da jerin ya rabu gida biyu, babban ɓangare mai kimanin kashi 65 na fallayen da ƙarami mai kashi 35. Babban ne aka fi gyarawa, shi mutane suka fi aiki da shi.

Ɗaukar hoto ya ci kusan wata shida da madubin ilektron biyar masu sarrafa kansu. Ka yi lissafin girman da kanka. Kowane ɗigon hoto nanomita 4 ne, milimita ɗaya ke nan ɗigo 250,000 a kowane gefe. Ka ninka shi da kansa, falle ɗaya ɗigo biliyan 62.5. Ka ninka da falle 25,000 da ke cikin milimita, ka samu kimanin fetabayit 1.6, daidai da faifan ajiya 1,600 masu terabayit ɗai-ɗai.

Ba ɗan Adam da zai bi wannan da hannu, sai aka miƙa wa rukunin Sebastian Seung a Jami'ar Princeton. Sun fara ɗinke ƙananan hotunan kowane falle, sannan suka jera fallayen a kan juna suna miƙe duk inda ya karkace ko ya naɗe. Daga nan wata manhajar ƙirƙirarriyar basira ta bi ɗigo-ɗigo tana yanke hukunci: wannan da na kusa da shi cikin waya ɗaya suke, ko akwai fata a tsakani? Wata manhajar ta nemo mahaɗa, wata ta nemo cibiyoyin ƙwayoyi. Mahaɗa a hoton ilektron da alama uku ake gane ta: tarin 'yan jakunkuna a gefe ɗaya, siririyar rata madaidaiciya, da baƙin kauri a jikin fatar gefen da ke karɓa. Tun 1959 George Gray ya lura cewa wasu kaurin nan nasu ya fito sosai a gefe ɗaya, su ne galibi masu zugawa, wasu kuma gefen biyu kusan ɗaya, su ne galibi masu hanawa.

Manhajar tana kuskure iri biyu, duk mai son aiki da taswirar nan dole ya san su kamar sunansa. Na farko yankewa: waya ɗaya ta rabu gida biyu, guntun ya zama maraya ba a san ƙwayar da ta haife shi ba. Na biyu haɗewa: wayoyi biyu na ƙwayoyi daban aka manna su. Yankewa tana rage maka bayani, amma abin da ya rage gaskiya ne. Haɗewa ta fi muni, domin ƙarya take ƙara maka. Kamar mai gyaran wuta ne ya haɗa wayar maƙwabcinka a mitarka, duk wutar da ya sha a kanka za a rubuta. Haka duk mahaɗar baƙuwar waya za a lissafa ta a kan ƙwayar da ba tata ba. Kuskuren ya fi faruwa a inda fata ta kwanta daidai da yadda wuƙa ta bi, sai ta fito dishi-dishi maimakon baƙin layi, da wurin naɗewa, da siraran wuyan 'yan ƙayoyin da ke jikin dendirait, wato rassan niyuron masu karɓar saƙo. Saboda haka aka sa mutane suna bi suna gyarawa, gyaran hannu ya haura miliyan ɗaya, kuma ana ci gaba. Dendirait da yake suna da kauri yawanci sun fito da kyau. Akzon ne matsala, waɗanda aka bi har ƙarshe aka tsabtace ƙalilan ne in aka kwatanta da yawan ƙwayoyin. Ita kuwa manhajar mahaɗa, da aka gwada ta da idon ƙwararru, kimanin kashi 96 na abin da ta kira mahaɗa gaskiya ne, ta kuma kama kimanin kashi 89 na waɗanda ke wurin.

Saura haɗa hoton rai da hoton ilektron. Naman ya tsuke ya murɗe a hanya, don haka aka bi da hannu aka sa alamomi kusan 3,000 a wuraren da ake ganewa a hotunan biyu, rassan jijiyoyin jini da jikin ƙwayoyi. Kuskuren da ya rage a matsakaici bai kai maikiron 4 ba, jikin niyuron kuwa maikiron 10 zuwa 15 ne. Ya wadatar a mafi yawan wurare, amma inda ƙwayoyi suka cunkushe ana iya ba wata aikin wata.

Abin da aka gano yana da yawa, zan tsaya a kan uku. An daɗe ana aiki da wani zato mai ɗauke da sunan Alan Peters, cewa in akzon ya ratsa kusa da dendirait, yawan kusancin shi ke nuna yawan haɗuwa. Taswirar ta nuna kusanci kaɗai bai isa ba. Cikin dendirait da akzon ya gifta, ya fi ƙulla mahaɗa da ƙwayoyin da ke amsa irin hoton da ƙwayar da ta haife shi ke amsawa. An taɓa ganin haka a 2011 a ƙananan samfura na hawa na biyu da na uku cikin hawa shida na ɓawon ƙwaƙwalwa, yanzu an gan shi tsakanin hawa da hawa, da tsakanin sashe da sashe.

Na biyu ya shafi masu hanawa, kuma a ganina shi ne mafi ƙwari, domin a kan wayoyin da aka tsabtace da hannu aka gina shi. An ɗauki wani ginshiƙi mai faɗin maikiron 100 da ya ratsa dukkan hawa shida na ɓawon ƙwaƙwalwa, mai niyuron 1,352, aka bi masu hanawa 163 da ke ciki, aka samu mahaɗa sama da 70,000. Da ma an san kowace iri da wurin da take kamawa: ƙwayar kwando tana kewaye jikin niyuron, ta Martinotti tana hawa can ƙarshen dendirait, wata kuma bakin akzon kawai take riƙewa. Sabon abu shi ne suna zaɓen wanda za su hana. Niyuron biyu suna zaune kafaɗa da kafaɗa a hawa ɗaya, mai hanawa ta yi wa ɗaya ruwan mahaɗa ta tsallake ɗayar. An kuma ga wasu da aikinsu hana ƙwayoyin kwando, wato masu hana masu hanawa.

Na uku zai fi burge ɗan anatomi. An nuna cewa daga jikin ƙwaya kaɗai, girman cibiyarta, yawan lanƙwasar fatar cibiyar, da yawan mahaɗar da ke kan jikin, ana iya gane irinta ba sai an bi rassanta ba. Da wannan aka rarrabe dubban ƙwayoyi, har da waɗanda ba niyuron ba, irin su astirosait, maikirogiliya da oligodendirosait.

Kada ka ɗora wa taswirar abin da ba ta ɗauka ba. Ɓera ɗaya ne, namiji, a mataki ɗaya na rayuwarsa. Milimita ɗaya ce cikin kimanin 500 da ke ƙwaƙwalwar ɓera, don haka wayoyi da yawa daga waje suka shigo, an yanke su a bakin dunƙulen, ba a san asalinsu ba. Girman mahaɗa yana ba da hasashen ƙarfinta, amma ba awo ba ne kai tsaye. Sinadarai irin su dofamin da asetilkolin, da ke sauya yanayin ƙwayoyi ba lallai ta mahaɗa ba, ba sa fitowa a hoton. Idon ɓera kuma ba irin namu ba ne, ba shi da wurin nan na tsakiyar ido mai kaifin gani, kuma ƙwayoyinsa masu son layi iri ɗaya a warwatse suke, ba a jere rukuni-rukuni kamar na kyanwa da biri ba.

Yanzu tambayarka ta biyu. Ƙera irin wannan taswira ba aikin ɗalibi ba ne, ko a Amurka sai da cibiyoyi da yawa suka haɗa ƙarfi. Amma karanta ta aikinka ne, domin an sake ta kyauta a shafin MICrONS Explorer. Ba sai ka sauke fetabayit ba. Manhajar Neuroglancer a cikin burauza take buɗewa, tana jawo ɗan yankin da kake kallo kaɗai. Kwamfutar tafi-da-gidanka ta isa, sai dai a waya ba ya daɗin aiki, kuma in ka buɗe ƙwayoyi da yawa lokaci guda data za ta tafi da sauri. Ka fara da mako guda kana kallo kawai. Ka zaɓi niyuron ɗaya mai siffar dala a hawa na biyu, ka bi dendirait ɗinta, ka tsaya a kan ƙaya ɗaya, ka koma hoton ilektron ka matsa falle-falle gaba da baya har ka ga jakunkunan da ratar da baƙin kaurin da idonka. Sai ka yi haka sau ɗari kafin ka yarda da kowane tebur na alƙaluma.

Don lissafi za ka buƙaci ɗan sanin yaren kwamfuta na Python da kunshinsa na CAVEclient, wanda ke jawo bayanan taswirar, ka yi rajista a ba ka mabuɗi. Google Colab zai ɗauke maka nauyin, aikin a can yake gudana ko wutarka ta ɗauke. Ga tarkunan da suka fi kama sababbin shiga. Lambar kowace ƙwaya tana sauyawa duk sanda aka yi mata gyara, don haka ka zaɓi sigar bayanai ɗaya, ka rubuta lambarta a rahotonka, ka tsaya a kanta har ka gama. Lambar cibiyar ƙwaya ita ce ba ta sauyawa, da ita za ka riƙa bin ƙwayarka. Lambobin nan masu alƙaluma 18 ne, Excel kuwa 15 kawai yake riƙewa, sauran ukun ya mai da su sifili ba tare da ya gaya maka ba. Ka shigar da su a matsayin rubutu, ko ka guji Excel gaba ɗaya. Awon wuri kuma da ɗigo ake ba da shi, ɗigon kuwa nanomita 4 ne a gefe biyu, 40 a na uku. Wanda ya lissafa nisa bai fara mayar da su nanomita ba, awonsa a wannan gefe na uku zai gaza sau goma. Dunƙulen ma a ɗan karkace yake da kimanin digiri 5, sai ka miƙe shi kafin ka ce ga zurfin ƙwaya daga saman ƙwaƙwalwa.

Wajen zaɓen tambaya, ka zaɓi wadda ta jingina da ɓangaren taswirar da ya fi inganci. Mahaɗar da ke shigowa kan jikin ƙwaya da dendirait abin dogaro ne. Misali, ka kwatanta yawan mahaɗar da ke kan jikin niyuron masu siffar dala a hawa na biyu da na uku da na hawa na biyar, ko girman cibiyar ƙwaya daga hawa zuwa hawa. In tambayarka ta shafi inda saƙo ke fita, ka taƙaita ga akzon da teburin gyara ya nuna an tsabtace su, in ba haka ba haɗewa za ta gurɓata maka sakamako. Ka bar ƙwayoyin da ke bakin dunƙulen, rassansu a yanke suke, za su nuna ƙarancin mahaɗa na ƙarya. Ka ɗebo mahaɗa 100 ba tare da zaɓe ba daga cikin bayananka, ka duba su ɗaya-ɗaya a hoton ilektron, ka rubuta nawa ne gaskiya. Wannan shafin zai kare ka ranar da za ka tsaya gaban malamai. Ka kuma faɗa ƙarara cewa ko ƙwayoyinka dubu ne, daga dabba ɗaya suka fito, sakamakonka game da wannan ɓeran ne.

In malamin da ke duba aikinka yana son a haɗa da aikin hannu, rinin Golgi-Cox zai yi a ɗakin gwajinku. Ana jiƙa ƙwaƙwalwar cikin haɗin fotasiyam daikuromet da fotasiyam kuromet da makurik kulorayid na kimanin mako biyu a cikin duhu, a yanka da kauri, maikiron 100 zuwa 200. Rinin niyuron kaɗan cikin ɗari yake kamawa, amma wadda ya kama yana cika ta baƙi har ƙayoyinta, za ka ƙirga su da gilashin ×100, ka auna rassan da manhajar ImageJ ta kyauta. Makuri guba ne, a sa safar hannu, a tara ruwan da aka gama da shi a kwalba, kada a zuba a kwata, kuma a nemi izinin kwamitin kula da dabbobin gwaji kafin a fara. Ka sa rai ƙidayarka ta ƙayoyi za ta gaza ta taswirar, domin madubin haske ba ya ganin ƙayar da ta ɓuya a sama ko a ƙarƙashin reshe, da sirara ƙwarai. In kuma ɓeran ɗakin gwajinku babban nan ne na Wistar, ka rubuta cewa jinsinsa daban da ƙaramin da aka yi taswirar da shi. Don ganin madubi mai ƙarfi da samun horo, cibiyar BioRTC da ke Jami'ar Jihar Yobe a Damaturu ba ta da nisa da ku, ka nemi sashenku ya rubuta musu takarda.